"Babu gado": gini ne ya yi mana kaɗan ko ma'aikata?

Malam_Habu_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan asibitocin gwamnati, kuma ina so masu aikin lafiya da ke cikinmu su sa baki. Kusan duk gwamnan da ya hau sai ya aza harsashin sabon asibiti ko ya ɗaga darajar wani. Ita ma gwamnatin tarayya tun da Farfesa Muhammad Ali Pate ya zama ministan lafiya a 2023 ake ta sanar da sababbin tsare-tsare. Amma har yau mai son ganin likita a babban asibiti sai ya idar da sallar asuba ya je ya kama layin kati, wanda aka kawo cikin dare kuma amsar da ya fi ji ita ce babu gado. Ni a ganina ba gini ne ya yi mana kaɗan ba. Ko an ninka gadajen Kano, layin nan ba zai ragu ba muddin asibitin unguwa da na ƙauye ba sa aiki, likitoci kuma suna ta ficewa. Da za a bi shawarata, a dakatar da duk wani sabon gini na shekara biyar, a zuba kuɗin a ɗaukar ma'aikata da sayen magani. Me kuka gani?

Sista_Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin imajansi, bari in faɗa muku yadda abin yake ta ciki. Sau da yawa idan muka ce babu gado, dangin mara lafiya suna hango gado babu kowa a kai, sai su ɗauka mugunta ce. Gadon yana nan, amma babu iskar oksijin a gefensa, ko kuma nas biyu ne rak a kan ɗaki cike da mutane da daddare. Idan na karɓi wanda sai an riƙa duba shi duk bayan minti 15, alhali na san ba zan iya ba, na cuce shi kuma na cuci waɗanda suke kwance.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi. Wani an sallame shi amma bai biya kuɗin asibiti ba, yana nan a kan gado. Wani an sa masa ranar tiyata, an rubuta kayan aiki, 'yan'uwa sun koma ƙauye sayar da akuya ko buhun gero, shi kuma yana kwance yana jira. Wani jini ake nema masa, da aka ce a gwada dangi sai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗannan sun riƙe gadajen ɗakin kwanciya. To na imajansi da ya farfaɗo babu inda za a matsar da shi, na bakin ƙofa kuma babu inda za a kwantar da shi. Talaucin mara lafiya shi kansa yana cinye gado.

Dan_Kurna:
Ni dai ban yarda a daina gini ba. A ƙidayar 2006 jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, yau kowa ya san ta wuce haka nesa ba kusa ba. Asibitin Murtala tun zamanin Turawa yake. Asibitin Malam Aminu Kano a 1988 aka kafa shi, lokacin da su Ɗanbare galibi gonaki ne. Kuma ba Kanawa kaɗai ke zuwa ba, daga Jigawa da Katsina da Bauchi har daga Damagaram ana kawo marasa lafiya. Ta yaya ginin da aka yi wa iyayenmu zai ishe mu da 'ya'yanmu? Asibitin yara na Hasiya Bayero da aka sake buɗewa a 2023, je ka tambayi iyaye mata ko bai amfane su ba.

Malam_Habu_Gwale:
Dan_Kurna, misalin da ka kawo ai nawa ne. Hasiya Bayero ba sabon gini ba ne, asibiti ne da yake nan aka gyara aka zuba masa ma'aikata. Abin da nake cewa ke nan.

Likita_Na_Dare:
Ina cikin likitoci masu neman ƙwarewa a wani asibitin koyarwa. Malam Habu ya taɓo inda ciwon yake. A tsarin ƙasar nan hawa uku ne: ƙananan asibitoci na ƙananan hukumomi, manyan asibitocin jiha, sai asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya. Asibitin koyarwa an yi shi ne don ciwon daji, ciwon ƙoda, tiyatar ƙwaƙwalwa, abin da ya gagari na ƙasa. Amma ku zo ku ga layinmu da safe: zazzaɓin cizon sauro, gudawar yara, hawan jini da ake son a auna kawai a sabunta magani. Ban ga laifinsu ba, mutum ya je na unguwarsu ya tarar babu kowa ko babu magani, ina zai nufa? Sai dai sakamakon shi ne mai ciwon daji yana bayan mai mura a layi ɗaya.

Batun ma'aikata kuwa, a watan Maris na 2024 ministan da bakinsa ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kusan 55,000 ne ga mutum sama da miliyan 200. Su ma ɗin Legas da Abuja sun kwashi kaso mai tsoka. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne idan likita ya ajiye aiki yau, shugaban asibiti ba ya iya ɗaukar wani gobe. Sai an rubuta takarda Abuja an nemi izini, ta bi ofishin shugaban ma'aikata, ta bi hukumar daidaiton rabon guraben aiki, a jira a sa mutum a tsarin albashi. Kafin a gama wasu biyu sun tafi. Shi ya sa ƙungiyarmu ta likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta daɗe tana neman a bari duk wanda ya fita a maye gurbinsa nan take.

Baban_Walid:
Likita, da girmamawa, ku ma fa kuna da naku. A 2021 kun tafi yajin aiki tun farkon Agusta sai farkon Oktoba kuka dawo. Wa ya mutu a wata biyun nan? Ba minista ba, ba gwamna ba. Sannan wani babban likitan sai ka ji an ce ranar kulinik ɗinsa ce, ya leƙo ƙarfe goma sha ɗaya ya ga mutum kaɗan ya fice. Da yamma ka same shi a asibitinsa na kuɗi, ya ce maka aikin da aka sa maka wata huɗu zai yi maka jibi in ka kawo kuɗi. Ƙanina haka aka yi masa a kan aikin gwaiwa. Wannan ma gwamnati ce?

Likita_Na_Dare:
Baban Walid, ba zan kare wanda ke karkatar da marasa lafiya zuwa asibitinsa ba. Akwai masu yi, haramun ne, kuma shugabannin asibiti sun san su. Amma ka san nawa ne kuɗin alawus na haɗarin aiki kafin wancan yajin? Naira 5,000 a wata, ga wanda yake taɓa mai zazzaɓin Lassa da mai korona. Sai a ƙarshen 2021 aka ƙara. Akwai sababbin likitoci da suka yi watanni ba albashi. Babu likitan da ke jin daɗin barin mara lafiya, mu ma iyayenmu a asibitocin nan ake kwantar da su. Gwamnati ce ta saba ba ta sauraron takarda sai an rufe ƙofa.

Baban_Walid:
Na ji. Amma a riƙa barin imajansi da ɗakin haihuwa a buɗe ko ana yajin aiki. Wannan kaɗai nake roƙo.

Maman_Ilham:
Ni abin da ya same mu a unguwa zan faɗa. Maƙwabciyata naƙuda ta kama ta bayan isha'i, muka tafi ƙaramin asibitin da take zuwa awo, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce ungozoma sai da safe. Muka samu ɗan adaidaita da ƙyar muka nufi babban asibiti. A can mata har a ƙasa a kan tabarma, wata ta haihu ana ɗaga ta don a kwantar da wata. Allah ya sa ta sauka lafiya. Haihuwar nan ba ta da wata matsala, da an buɗe na kusa da mu da ba mu je mun ƙara musu cunkoso ba. Kuma asibitin namu ba a daɗe da yi masa fenti da sabon allo ba.

Ungozoma_Talatu:
Maman Ilham, sannu, Allah ya raya. Ni a irin wannan asibitin nake aiki, a karkara. Kada ki ga kwaɗo ki ɗauka ungozomar barci ta tafi yi. Idan ke kaɗai ce ungozoma a wuri, kin yi awo tun safe, kin yi rigakafi, kin karɓi haihuwa, ba za ki kwana ki kuma wuni ba kullum. Kafin asibiti ya yi aikin dare da rana sai an samu aƙalla ungozoma huɗu suna karɓa-karɓa. Sannan ina za ta kwana? Wurare da yawa babu gidan ma'aikata, babu katanga, babu ruwa, babu wuta. Da fitilar waya muke ɗinki wani lokacin. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta kwana a asibitin bakin daji?

An taɓa yin shirin tura ungozomomi karkara a 2009, ya yi amfani sosai a farko. Da jihohi da ƙananan hukumomi suka daina biyan nasu kason alawus, sai matan suka tattara suka koma birni.

Abu_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ku bari in ba ku labarin wajenmu. Nan Nijar tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa ga shekara 5 kyauta za a duba su, haka ma fidar haihuwa. Mutane sun yi murna, mata sun riƙa kai yara likita da wuri. Amma gwamnati ba ta biyan gidajen likita kuɗin da suka kashe a kan lokaci, bashi ya taru, magani ya ƙare a kanta. Sai ya zama ganin lokotoro kyauta, amma a rubuta maka takarda ka tafi farmasi ka saya. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma hukumomin yanzu sun rage kuɗin duba marasa lafiya da rabi a gidajen likita na gwamnati, haihuwa ta zama kyauta, an soke jika 150, wato sefa dubu 150, da ake biya kafin a fara wa mutum wankin ƙoda. Talaka ya ji sauƙi, wannan gaskiya ne. Tsorona kada a maimaita na 2006. In an rage kuɗi mutane za su ƙaru, in ba a ƙara ma'aikata da magani ba layi ne zai tsawaita.

Dan_Kurna ya ce mutanenmu suna zuwa Kano, haka ne. Amma ku ma naku suna zuwa wajenmu. Yara masu tamowa daga ɓangaren Katsina ana kawo su Madarunfa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki.

Dan_Kurna:
Haka ne Malam Abu, ban musa ba. Ciwo bai san iyaka ba.

Barista_Sadiya:
Bari in kawo ɓangaren doka, don wasu abubuwan da ake roƙo a nan haƙƙi ne da aka riga aka rubuta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A 2017 kuma aka yi dokar da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Ita dai dokar ta 2014 ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kusan rabi na biya wa talakawa inshora ne, kashi 45 na ƙananan asibitoci, kashi 5 na agajin gaggawa. Amma ku lura, an sa hannu a 2014, ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018. Shekara huɗu doka tana kwance. Haka alƙawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince su riƙa ba lafiya kashi 15 na kasafi. A ƙasarmu aka yi taron, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba, galibi tana yawo ne a wajen kashi 4 zuwa 6.

Sista_Rabi:
Barista, dokar tana da kyau, amma ni za a ɗaure ko wanda bai kawo oksijin ba? In an kawo mai haɗari babu ko sisi, safar hannu da ruwan ƙari da allurar da zan yi masa wa zai biya? Sau nawa muke haɗa kuɗi a tsakaninmu mu saya. A sa kuɗin gaggawar ya iso asibiti tukuna.

Barista_Sadiya:
Sista, ba ke nake nufi ba wallahi. Abin da nake cewa a daina ɗauka alfarma ake yi wa mutane.

Ungozoma_Talatu:
Kuɗin BHCPF ɗin muna gani, kada a ce ba a yi komai ba. Asibiti ɗaya ake zaɓa a kowace mazaɓa, kuɗin yana shiga asusun asibitin kai tsaye. A farkon tsarin kusan naira dubu 300 ne duk wata uku. Da shi muke sayen magani, mu gyara famfo, mu biya mai shara. Ya taimaka, amma ku auna da tsadar magani ta yanzu. Kuma ba ya ɗaukar ma'aikaci na dindindin. An ce za a ƙara yawan asibitocin da ke samu daga wajen 8,800 zuwa 17,600 kafin ƙarshen 2027. Muna fata.

Alhaji_Zangon_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Maganar babu gado mu ma mun san ta. A 2018 wani dattijo mai shekara 70 ya rasu a cikin mota a Ankara bayan an kai shi asibiti bakwai ana cewa babu wuri. Ƙasa ta ɗauki zafi, har majalisa ta zauna a kai. A 2021 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin gina asibitoci 111. Ya sauka a Janairun 2025 mafi yawansu ba a gama ba. Don haka Malam Habu ina bayanka, fara gini da yawa lokaci guda ba shi ne mafita ba.

Abin da ya taimake mu da gaske inshorar lafiya ce da aka kawo a 2003 zamanin Kufuor. Kafin nan sai ka ajiye kuɗi a taɓa ka. Yanzu tsohuwa a Zango da katinta za ta je a duba ta. Tana da matsala, gwamnati tana jinkirin biyan asibitoci, wani maganin a ce ba ya ciki. Duk da haka ta fi babu.

Malama_Hauwa_Tarauni:
Alhaji, mu ma muna da irinta. Ni malamar makaranta ce, ana cire mana kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashi duk wata. Gaskiya lokacin da aka yi wa ɗana aiki na ga amfaninta, abin da na biya kaɗan ne. Matsalar ita ce layin masu inshora wani lokacin ya fi na masu biya tsawo, kuma a ce maganin ya ƙare ka je kemis. Sannan mu ma'aikata mu nawa ne? Mai kayan miya da ɗan dako da manomi fa? Dokar 2022 da Buhari ya sa wa hannu ta ce inshora dole ce ga kowa, har an ce za a yi asusun marasa galihu na mutum miliyan 83. Har yanzu sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa. Wannan ne ya dawo da mu ga maganar Sista Rabi ta masu jiran a sayar da akuya.

Sani_Mai_Shayi:
Ku duk kuna ta lissafi. Ni abin da na sani, in ka san wani a asibiti gado zai fito. In ba ka san kowa ba ka kwana a baranda.

Sista_Rabi:
Malam Sani, yana faruwa, ba zan ƙaryata ka ba. Waya takan zo daga sama a ce a nemo wuri. Mu ma yana ƙona mana rai, don mu ne za mu kalli idon wanda aka tsallake.

Nura_Birmingham:
Ni ina cikin waɗanda suka fita, nas ne, ina aiki a Ingila. Kada ku ɗauka nan babu layi. A watan Satumba na 2023 jerin masu jiran aiki a asibitocin gwamnati na NHS ya kai wajen miliyan 7.7. Ƙa'idarsu ita ce a fara yi wa mutum magani cikin mako 18 daga ranar da aka tura shi, a imajansi kuma kada ya wuce awa huɗu, amma sun yi shekaru ba su cika ba. Su ma suna da tsofaffin da an sallame su amma babu mai kula da su a gida, sai su riƙe gado.

Bambancin da na gani shi ne suna ƙirgawa. Duk wata ana fitar da alƙaluma, kowane asibiti an san mutum nawa ke jira da tsawon jiran, 'yan jarida su ɗauka, a tsare minista a majalisa. Mu a gida gwamna zai faɗi asibiti nawa ya gina da gado nawa ya saya, amma ba a tambayarsa awa nawa mai naƙuda ta yi kafin a duba ta. A fara da wannan. Kuma a raba wa mutane lokaci, wasu ƙarfe takwas, wasu sha ɗaya, wasu biyu, maimakon kowa ya zo da asuba. Yanzu kusan kowa yana da waya.

Baban_Walid:
Malam Nura, da kuɗin talakawa aka koyar da ku kuka tafi kuna yi wa Turawa aiki. Ni na goyi bayan ƙudurin da ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo a 2023, a ce sai likita ya yi shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi.

Nura_Birmingham:
Yaya, na fahimci zafin da kake ji. Na yi shekaru ina aiki a gida kafin in fita, kuma albashina bai kai ƙarshen wata. Wanda jiha ta ɗauki nauyin karatunsa da sharaɗin zai yi mata aiki, lallai ya cika alƙawari, wannan amana ce. Amma wanda ubansa ya sayar da gona ya biya masa fa? Kuma ba Ingila kaɗai ba ce, Saudiyya ma tana ɗiba. Kai, ko cikin gida likitan jiha yana samun gurbi a asibitin tarayya zai koma, don albashin ya fi. Jihohi su fara daidaita wannan.

Likita_Na_Dare:
Wannan na ƙarshen shi ne ba a faɗa. Babban asibitin ƙaramar hukuma guda sai ka tarar likita ɗaya ko biyu ne, shi ne tiyata, shi ne yara, shi ne haihuwa. Gwamnati ta ƙara yawan ɗaliban da makarantun likitanci da na nas za su ɗauka, abu ne mai kyau. Amma likita shekara shida yake karatu, ƙwarewa kuma wata shekara biyar ko shida. Malaman da za su koyar da su ɗin ma suna cikin masu tafiya.

Comrade_Bash:
Duk wannan zance ne. Ranar da aka hana shugabanni fita waje neman magani ranar asibiti zai gyaru. A 2017 Buhari ya yi sama da kwana 100 a Landan a tafiya ɗaya. A shekarar ce matarsa Aisha ta fito ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu, na'urar hoton ƙashi ba ta aiki. In na Villa haka yake, ina ga na Gwarzo? Kuma a Kano ai kowa ya san gwamnatin da ta yi aiki da wadda ta sayar da filaye.

Jikan_Mai_Goro:
Comrade kada ka fara. In lissafi za a yi, wa ya kammala asibitin Giginyu da na yara na titin gidan Zoo?

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri. Comrade, Jikan Mai Goro, ba muhawarar jam'iyya muke ba. Duk wanda ya sake kawo hula ko tsintsiya zan goge. A koma kan tambayar Malam Habu.

Injiniya_Kabiru:
Akwai abin da ba a ambata ba, wuta. Gado a ɗakin kulawa ta musamman ba shi da amfani in babu lantarki, haka kwalbar jarirai bakwaini, haka firjin ajiye jini. Da aka ƙara kuɗin wuta na rukunin Band A a Afrilun 2024 ya ninka sama da sau uku, manyan asibitoci suka shiga bashi. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, an yanke masa wuta a ƙarshen Oktoban 2024, ya yi wajen kwana 100 a haka. In an sa tiyata goma a rana, janareto ya tsaya, an yi huɗu, shidan nan sun koma layi. Don haka ni a wurina ba gini ko ma'aikata ba ne kawai. A sa sola mai ƙarfi a ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa da wurin gwaje-gwaje, kuma a ware kuɗin gyaranta, don batir yana mutuwa.

Maman_Ilham:
Don Allah ina tambaya, tiyatar haihuwa kyauta da aka sanar, gaskiya ce? Wata 'yar'uwarmu an ce mata sai an yi mata aiki.

Likita_Na_Dare:
Gaskiya ce Hajiya, minista ya sanar a Nuwamban 2024, don mata marasa ƙarfi. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ce take biya, kuma a asibitocin da aka yi wa rajista a shirin ne kawai. Ta tambaya a wurin da take awo tun yanzu ko suna ciki, in ba sa ciki su faɗa mata inda za ta je. Kada ta jira sai naƙuda ta taso, kuma a tanadi masu ba da jini. Dalilin shirin ba ƙarami ba ne: a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Hajiya_Yar_Sakkwato:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu. Mu ma mu gyara namu, a daina ajiye mace tana wahala a gida sai ta galabaita, ko a ce sai maigida ya dawo ya ba da izini.

Malam_Habu_Gwale:
Amin Hajiya. Na karanta duka, na gode. Har yanzu ina kan bakana. Jihar Kano mazaɓu 484 ne. A ce kowace mazaɓa tana da asibiti ɗaya da ke buɗe dare da rana, da ungozoma huɗu, da sola, da magani, da motar da za ta kai wanda ya gagara gaba. Wannan ya fi sabon bene mai hawa biyar. Abin da Injiniya ya kawo da gidan ma'aikata da Anti Talatu ta ce, ni ban ɗauke su sabon gini ba, gyaran na hannu ne.

Dan_Kurna:
Malam Habu, ko an yi duk wannan, mai ciwon ƙoda da mai ciwon daji da wanda mota ta buge ba asibitin mazaɓa za su je ba. Hasali ma in ƙananan suka fara aiki za su gano masu ciwon da yanzu suke mutuwa a gida ba a sani ba, su turo su sama. Manyan za su ƙara cika. A yi biyun tare.

Malam_Habu_Gwale:
Da wane kuɗin? Shi ya sa na ce a zaɓa.

Barista_Sadiya:
Kafin a zaɓa a tambayi wanda aka riga aka ware. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun sha rubuta kashi 15 ko fiye a kasafi, abin dubawa shi ne nawa aka saki. Rahoton yadda aka kashe kasafi na kowane wata uku yana fita a shafukan jihohi da yawa, mu riƙa karantawa. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, ciyaman ma ya kamata a riƙa tsare shi da tambaya a kan asibitin mazaɓa.

Ungozoma_Talatu:
Kuma kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da ake sa hannu da shi kafin mu fitar da kuɗin BHCPF. Maman Ilham, ki tambayi mai unguwarku su wane ne a naku, ku je ku mata ku zauna da su a kan maganar kwaɗon nan. In ma'aikata ne babu, su rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha da sa hannun mutanen unguwa.

Maman_Ilham:
To Anti, zan tambaya in sha Allahu. Mata suna iya shiga kwamitin ko sai maza?

Ungozoma_Talatu:
Suna shiga, namu akwai mata uku a ciki.